Neman Gahawa a Garin Wasa

Hutun makaranta ya matso, na kuwa san a cikinku akwai waɗanda 'ya'ya ko ƙanne da ke zaune a Amurka suka aiko wa, an ce su zo a kai yara wurin wasan nan na Disney da ke kusa da birnin Olando a jihar Fulorida. To, ke da za ki, yau da ke na ke magana. Ba zancen lilo zan yi miki ba, wannan yara sun riga sun haddace shi a waya tun kafin a ba ku biza. Zancen gahawa zan yi, watau abin nan da 'yan boko ke kira kofi, har mutum ya rasa ko abin sha a ke nufi ko mazubinsa.

Kada ki ce ƙaramin abu ne. Wurin nan da a ke kira Walt Disney World, wanda aka buɗe ran 1 ga Oktoba, 1971, ba fili guda ba ne irin na idi. Ƙasa ce mai faɗin kusan murabba'in mil 40, da manyan wuraren wasa huɗu a cikinta, kowanne ya ishe ki yini. A watan Yuli da Agusta zafi ya kan kai digiri 33, ga gumi irin na Ikko, da la'asar kuma hadari ya taso kusan kullum. Sa'an nan agogonmu yana gaba da nasu da awa biyar a wannan lokaci, watau ƙarfe huɗu na yamma a can, jikinki ya ba ki ƙarfe tara na dare. A wannan sa'a ce yara su ke cewa yanzu aka fara. Ke ce kuwa mai riƙon jaka, ke ce mai ƙirga kawuna, ke ce mai sanin wanda bai ci abinci ba.

In ke mai shayi ce kurum, da sauƙi. Amma wadda ta saba da gahawa kowace safiya, in ta rasa ta, ba kwaɗayi kaɗai ke damunta ba. Akwai wani sinadari a cikinta, likitoci na kiransa kafeyin, wanda in jiki ya saba da shi aka yanke masa, bayan awa 12 zuwa 24 sai ciwon kai ya sauko, da kasala, da saurin fushi, ya kan kuma ɗauki kwanaki bai saki ba.

Na ga wannan da idona a watan Agusta na 2023, sa'ad da muka je mu tara, har da gwaggona, ƙanwar mahaifina. Ita a Sudan ta tashi, cikin Hausawan da ke zaune a bakin kogin Nilu, inda a ke soya 'ya'yan gahawa a kan garwashi, a daka a turmi, a dafa da citta a 'yar tukunyar yumɓu mai dogon wuya da su ke kira jabana, a zuba a finjali. Shekara sittin ke nan ba ta karya kumallo da wani abu ba sai wannan. Mun sauka a wani ƙaramin masauki a bakin hanya, wajen filin wasan. Da safe aka nuna mana tulun gilashi a kan murhun lantarki, an ce ga gahawa nan, kyauta ce, kowa ya zuba. Gwaggo ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye, ta ce, "'Yar nan, wannan ai ruwan wankin tukunya ne." Kwana biyu ta haƙura da ruwan zafi. Ran na uku ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta ce mu tafi, ita a bar ta a ɗaki. Tafiyar da ɗanta ya yi shekara biyu yana tara wa kuɗi, domin uwarsa ta ga jikokinta suna murna, ga ta za ta ƙare a kan gado sabo da finjali ɗaya.

Abin da ya ɓata wancan tulu abu biyu ne, in kuwa kin gane su kin gane sauran zancen. Na fari, gahawa ba miyar kuka ba ce da a ke ɗumamawa. Ƙamshinta tashi ya ke yi, in ta yi kamar rabin awa a kan wuta sai ya gudu ya bar ɗaci da tsami. Na biyu, ruwa. Ruwan famfo na tsakiyar Fulorida daga ƙarƙashin duwatsun farar ƙasa a ke jawo shi, baƙo ya kan ji masa wani ɗan wari kamar na farar wuta. Ba ya cutarwa, amma gahawa kusan dukanta ruwa ce, ɗanɗanon ruwan kuwa ba ya ɓuya a ciki.

Sabo da haka ni ba sunan shago na ke fara dubawa ba. Kunne na ke kasawa. In kin ji injin niƙa yana ƙara, kin ga kuma sai an tambaye ki sa'an nan a ke haɗa miki naki, to, tsaya nan. Ki ce a ba ki esfireso. Ita ce wadda a ke tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin sabon niƙa cikin kamar daƙiƙa 25 zuwa 30, ta fito 'yar kaɗan, mai kauri, da kumfa ja-ja a samanta. Ba ta da yadda za ta kwana a tulu, domin ba a yinta sai mai sha yana tsaye. In ta yi miki ƙarfi, ki ce amerikano, watau ita ɗin ce aka ƙara mata ruwan zafi. In da madara ki ke so, ki ce latte ko kafucino.

Kamfani biyu ne za ki riƙa cin karo da su. Shekarun baya Nescafé a ke sha a wurin, irin wadda kika sani a teburin mai shayi. A 2012 aka ba kamfanin Joffrey's, na birnin Tamfa, wanda aka kafa a 1984, ya zama shi ne mai gahawar gidan, yana kuwa da 'yan rumfuna a warwatse cikin wuraren wasan. A 2013 kuma Starbucks ya shigo Magic Kingdom, a cikin gidan burodin da ke kan babban titin shiga, wanda a ke kira Main Street Bakery, yanzu kuwa kowane ɗaya daga wuraren huɗu yana da nasa. Da safe duk wanda ya shigo ta gabansa ya ke bi, don haka layin ya kan yi tsawo. Ki wuce, ki bi hannun dama zuwa ɓangaren Tomorrowland, akwai rumfar Joffrey's kusa da Space Mountain. Yara su hau jirginsu mai gudu cikin duhu su yi ta ihu, ke ki sami inuwa. Wani abin dariya kuma a Starbucks, kofin da su ke kira dogo da Turanci shi ne ƙarami a kan allo. Shi za ki ce a ba ki, ya isa.

Amma inda Gwaggo ta kwance ɗankwali, a EPCOT ne. Wannan wuri an buɗe shi a 1982, a cikinsa akwai tafki, an kewaye shi da unguwanni 11, kowace an gina ta kamar wata ƙasa: Meziko, Sin, Jamus, Italiya, Japan, Faransa, Ingila da sauransu. Zagayen tafkin ya kusa kilomita biyu, don haka muka yi hayar keken turawa muka ɗora ta. A can ƙuryar unguwar Faransa akwai gidan burodi mai suna Les Halles. Wata yarinya Bafaranshiya ta haɗa mana esfireso biyu a gabanmu. Ba mu sha a nan ba, don cike ya ke da mutane. Muka ɗauka muka tsallaka unguwar da ke maƙwabtaka da ita, ta Maroko.

Wannan unguwa ki ba ta lokaci, ko ba ki shan kome. An buɗe ta a 1984, Sarki Hassan na Biyu ne ya aiko da magina daga ƙasarsa suka yi aikin adon bango da 'yan fale-falen tangaran, ba kuwa siffar mutum ko ta dabba a cikin zanen, bisa al'adar ginin Musulmi. Akwai hasumiya da aka kwaikwayo daga ta masallacin Kutubiyya na Marrakesh, da ƙofa irin ta birnin Fas. In kin kutsa ciki za ki tarar da tsakar gida irin ta mutanen Fas, da inuwa, da sanyi, hayaniya kuma ta ragu kamar an rufe ƙofa. Nan Gwaggo ta kwance bakin gyalenta, ta fito da ƙullin garin citta, ta barbaɗa a nata, ta juya, ta kurɓa. Ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ce, "To, wannan an san hannu ya taɓa ta." Kafin awa guda tana gardama da jikanta a kan ko Sin ta fi Japan nisa.

Ga wani abu da ba na so ki yi wasa da shi. A waɗansu rumfuna, musamman a EPCOT, a kan sayar da gahawa da aka zuba wa barasa, tana kuwa jere a allo ɗaya da sauran, da kumfar madara a kai kamar abin yara. Duk inda kika ga an rubuta Irish, ko Baileys, ko Kahlúa, to, akwai giya a ciki. Ki tambaya kafin ki biya, kada ki ji kunya, matambayi ba ya ɓata. Masu sayarwa sun saba da tambayar, su kan amsa da fara'a.

Mai juna biyu kuma ta yi hattara da girman kofunansu. Likitoci na cewa babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, mai ciki kuwa 200. Matsakaicin kofi ɗaya na dafaffiyar gahawa a irin waɗannan shaguna ya kan kai 300. Akwai kuma wadda a ke jiƙawa a ruwan sanyi awa 12 ko fiye, a ba ki da ƙanƙara. Tana da daɗi cikin zafin rana, ba ta da ɗaci sosai, don haka ta kan ruɗi mutum ya shanye kamar zoɓo, alhali ƙarfinta na nan. Ruwan sha kuwa, in kin roƙa a kantunan abinci na tafi-da-gidanka za a ba ki kofin ruwa da ƙanƙara kyauta.

Duk da haka, ta asuba ita ce matsala, domin kafin ku isa ƙofa ku bi layin bincike rana ta yi sama. Maganinta a ɗaki ya ke. Kada ki wahal da kanki ɗaukar butar lantarki daga gida: wutarmu 230 ce, tasu 120, butarki za ta yi aiki da kamar rubu'in ƙarfinta, ki gaji da jira. Yawancin ɗakunan masaukinsu akwai ɗan injin gahawa, ki zuba masa ruwan gora maimakon na famfo. Garin kuwa ki saya a can. Fulorida cike ta ke da mutanen Kuba da Fotoriko, masu shan gahawa baƙa ƙirin da sukari, don haka a manyan kantuna za ki sami irin tasu, kamar Café Bustelo mai ƙunshi ruwan ɗorawa, da araha. In kin taho da cittarki da kanumfari, ki faɗa wa ma'aikatan kwastan a filin jirgi, kada ki ɓoye. An yarda ki shiga wurin wasan da abincinki da abin shanki, ban da barasa da kwalabar gilashi, don haka fulas ɗinki na ƙarfe ya wuce. Daga rana ta huɗu ni na ke tashi bayan sallar asuba in haɗa wa Gwaggo, in cika fulas in sa a ƙasan keke.

Ran da za mu yi sallama da wurin ɗanta ya ce sai ya kai ta ta sha ta masu kuɗi. Daga ƙofar Magic Kingdom muka hau jirgin nan mai tafiya a kan dogo ɗaya a sama, muka sauka a masaukin Polynesian, inda gidan abinci na Kona Cafe ya ke. Kona sunan wani yanki ne a babban tsibirin Hawai, inda a ke noman gahawa a gangaren duwatsu masu aman wuta, tana kuwa cikin masu tsada a duniya. A tulun matsi aka kawo ta, watau gari da ruwan zafi a haɗe, a jira kamar minti huɗu, sa'an nan a danna matacin ƙasa. A ganina ta fi duk wadda muka sha ƙamshi, ba ta da kaifi, tana sauka a hankali. Gwaggo dai ta ce mai kyau ce, amma mai ladabi ce da yawa, ta sake kwance bakin gyale. Ki nemi wuri tun da wuri ta manhajar wayarsu, don gidan ya kan cika, tulu ɗaya kuma ya ishi mutum biyu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan gaya miki yadda muka yi da zancen nama da wurin salla.