Guzurin da ba ya shiga akwati

Mu 'yan kasuwa mun iya ɗaure kaya. In yaro zai tafi jami'a, uwarsa ta haɗa masa gari da yaji da kilishi, uba ya ƙirga sidi ya damƙa masa. Amma akwai guzurin da muka shekara ashirin muna ɗura masa ba tare da mun auna ba: wanda zai yarda da shi, wanda zai ji tsoro, wanda zai raina. Da wannan guzurin yake zama da mutane, kuma shi ke sa ya dawo da abokai ko ya dawo da takarda kaɗai.

Ni a zangon Kumasi aka haife ni. Mahaifina ya ga abin da ya faru a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. Maƙwabtansa sun sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka hau mota. Har ya koma ga Allah nasiharsa ɗaya ce: "Kai baƙo ne, ka kama kanka." Gidajen zango da yawa da wannan magana suka yi renon 'ya'yansu, su kuma suka miƙa wa nasu. To yaron da aka haifa bayan shekara talatin da wannan kora, ɗan ƙasa ne da takardarsa, amma sai ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai yana ɗari-ɗari kamar gobe za a ce ya tattara.

Su ma waɗanda zai tarar da nasu guzurin suka zo. Akwai wanda tun yana ƙarami aka gaya masa ɗan zango mafaɗaci ne, ba ya karatu. Kowa ya zo da hoton ɗan'uwansa a aljihu tun kafin a yi sallama.

Na ga yadda abin ke aiki a kan ɗana na biyu. Mun koya masa kada ya zuba wa babba ido, sai malaminsa ya ɗauka rashin gaskiya ne ko rashin sanin amsa. Ba ya miƙa wa mace hannu, sai 'yan matan ajinsu suka ce girman kai ne. Ya ware tukunyarsa saboda abokin ɗakinsa yana dafa abin da mu ba ma ci, sai wancan ya ji kamar an ce masa ƙazami. Kunya, tsare addini, kiyaye halal, duk abin yabo ne a gidanmu. Da suka ƙetare ƙofa ba tare da bayani ba, sai suka zama zagi.

Abin da ya warware ba wani abu ba ne illa baki. Ya zaunar da abokin ɗakin, ya gaya masa da Tonanci dalilin tukunyar, ya kuma tambaye shi abin da shi ma ba ya so. Ashe kiran sallar asuba da ke tashi a waya ne ke hana shi barci. Wannan ya rage ƙara, wancan ya sayi tukunya ta biyu. Da azumi ya zo, Kiristan nan shi ke tashinsa sahur. Ga 'yan matan kuwa, ya koyi ɗora hannu a ƙirji ya gaishe su da fara'a. Bai sayar da komai na addininsa ba.

Ɗan wani aminina kuwa, shekara huɗu ya yi daga aji sai masallaci sai ɗakin 'yan zango. Yaron kirki ne, wallahi. Amma da ya gama, ba shi da mutum ɗaya a wajen unguwa da zai ce masa ga inda ake ɗaukar ma'aikata. Sabo ake yi tun ana tare, ba ranar buƙata ba.

Abin mamakin shi ne, mu iyayen mun fi kowa sanin wannan a kasuwa. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja fataucin goro, a Salaga mai gida da dillali suke nema kafin su kwance kaya. Ni kaina a Kejetia na ba matan Tonawa bashi ba takarda, sun biya, su ma sun ba ni. Mun san darajar baƙon ido a rumfa, sai mu dawo gida mu ce wa yaro ya yi nesa da shi a makaranta.

Kuma muna da abin koyi. A watan Afrilun 2019, Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya taka har cocin Katolika a Akara ranar Ista don gaisuwa da zumunci. Ba abin da ya ragu a rawaninsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, ko a Kumasi kuke, ko Kwatano, ko Yawunde, kafin yaro ya tafi ku zauna ku raba masa kayan gida biyu. Ga wanda ba na sayarwa ba: salla, amana, halal, mutuncin kai. Ga kuma wanda tsoro ne kawai muka gada, wannan a bar shi a gida. Ku koya masa ya faɗi dalilinsa da harshe mai daɗi, ya kuma nemi jin na wasu. In ya zo hutu, bayan kun tambayi sakamakon jarrabawa, ku tambaye shi su wa yake cin abinci da su. In duk sunayen da ya lissafa na unguwarku ne, to akwai sauran karatu. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya haɗa su da abokan arziki.