Nodame, Hadda da Sanyin Liyon

Na san wasu za su ce duk abin da ke damunmu, ga kuɗin haya, ga sabunta takardar zama, a rasa abin da za a cika shafi da shi sai katun na yara. Ku yi haƙuri ku ji ta bakina tukuna, don ni ma da irin wannan raini na fara.

Na sauka Liyon a watan Satumba na 2021 daga Maraɗi, don yin digiri na biyu a fannin tattalin arziki. Tun daga firamare ban san faɗuwa ba, makamina kuwa ɗaya ne, wato hadda. Yaron da ya riƙe allo kafin ya riƙe biro, ai ɗaukar shafi a ka a mayar da shi yadda yake ba wani aiki ba ne a wurinsa. A watan Janairu na 2022 sakamako ya fito, na tashi da 7 bisa 20 a darasin da na fi kwana a kansa. Malamar ta rubuta a gefen takarda cewa na dawo mata da duk abin da ta faɗa, amma ba ta ga inda ni na yi magana ba. Kwana uku ban kira gida ba.

Maƙwabcina a gidan ɗalibai a Villeurbanne, wani Bafaranshe mai son fina-finan zane na Japan, shi ya ga na daina fitowa kicin. Su a nan abin gado ne: tun 1978 aka fara nuna Goldorak a tashar Antenne 2, sannan shirin Club Dorothée ya raini yaran ƙasar daga 1987 zuwa 1997. Ya ce ga wani fim da zai ɗauke mini hankali, sunansa Nodame Cantabile. Na karɓa ne don kada in ba shi kunya.

Asalinsa littafin zane ne na wata marubuciya, Tomoko Ninomiya, da ta fara a 2001, kamfanin J.C.Staff ya mayar da shi fim. Zangon farko kashi 23 ne a 2007, na biyu kashi 11 a 2008, na ƙarshe kashi 11 a 2010. Labarin ɗalibai biyu ne a makarantar koyon kiɗa. Chiaki haziƙi ne mai girman kai, burinsa ya zama jagoran ƙungiyar makaɗa a Turai, amma tsoron jirgin sama da na ruwa ya ɗaure shi a Japan. Maƙwabciyarsa Noda Megumi, da ake kira Nodame, ƙazama ce ta gidan gaba, ɗakinta kamar juji. Sai dai in ta ji kiɗa sau ɗaya za ta zauna gaban fiyano ta fitar da shi, har ta ƙara nata. Karanta rubutun kiɗa ne ba ta so, burinta kuma bai wuce koyar da yara ƙanana ba.

Gaskiya tafiyar fim ɗin ta hawainiya ce. Wanda ya saba da faɗa da harbi, ko fim ɗin Indiya da ake sace amarya kafin a je rabi, zai yi hamma. Ana iya ƙare kashi guda a kan gwajin kiɗa kawai: wannan ya yi sauri, wancan ya makara, a tsaya, a sake. Kashi huɗu na farko da ƙyar na haɗiye su. Daga baya ne na gane cewa wannan jan ƙafar ita ce amfaninsa. Yawancin fina-finai in an zo wurin koyo sai a saka waƙa, a nuna minti biyu, jarumi ya fito gwani. A nan kuwa sai ka zauna da su cikin gajiyar. Har ma lokacin da Nodame ta daure ta shiga gasa, ta yi ta atisaye ba dare ba rana, a zagayen ƙarshe tana tsakiyar kaɗa Petrushka na Stravinsky sai kanta ya ɗauke, kiɗan wani shirin girke-girke na talabijin ya kutso mata. Ba ta ci ba. Ta tattara ta koma garinsu Okawa wurin iyayenta. A daren da na kalli wannan kashi, ni ma jakata na nan a buɗe a kan gado.

Zango na biyu a Faris yake, shi ne kuma ya fi shafar mu. Nodame ta samu shiga babbar makarantar kiɗa ta Faris, ba ta jin Faransanci, sai ta koye shi ta hanyar maimaita wani katun da ta haddace tun a gida, wanda aka juya zuwa Faransanci. Na yi dariya, don ni ma da labaran rediyo na gyara kunnena. Amma da ta shiga ajin nazarin kiɗa, ta tarar har da ƙaramin yaro ana fashin baƙin abin da mawallafi ke nufi da kowane sashe, ita ko ta yi zuru. Malaminta Auclair bai yi mata tsawa ba, ya dai riƙa kiranta jaririya, ya tambaye ta me ta zo yi a nan. A nan na ga kaina, amma a juye. Ita ta ƙi sauraron abin da ke cikin takarda, nata kawai take faɗa. Ni kuwa na takarda kawai nake faɗa, ba nawa. Dukkanmu ba wanda ya zauna ya yi hira da mai littafin.

To, ba zan ɓoye aibinsa ba. A zangon farko, in ƙungiya ta fara kiɗa sau da yawa hoto ne a tsaye, kana jin goge na kuka amma hannun mai gogen bai motsa ba. Zangon Faris kuma, bayan duk haƙurin da aka koya mana, sai aka shiga gudu, aka cusa labari mai yawa cikin kashi 11, wasu mutanen kafin ka san su an wuce. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne dukan da Chiaki ke yi wa Nodame da sunan barkwanci, alhali fim ɗin da kansa ya nuna mana cewa dukan wani malami tun tana ƙarama ne ya sa take gudun karatu mai tsanani. Ta yaya mari ɗaya zai zama ciwo, ɗaya kuma abin dariya?

Sai kuma Faris ɗin da suka zana. A hutun watan Afrilu na 2022 na hau jirgin ƙasa daga Part-Dieu, awa biyu na isa, na je La Villette na ga makarantar da idona. An kafa ta a 1795, ta koma wannan gini a 1990. Mu ma a Liyon muna da ƙanwarta a bakin kogin Saône, na sha wucewa ban san ko mene ne ba. Amma a jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya kai ni, ta Gare du Nord da Stalingrad, akwai baƙar fata da Larabawa a kowane tarago. Faris ɗin Nodame kusan ba mu a ciki. Maƙwabtanta su ne Frank Bafaranshe, Tanya 'yar Rasha da Yunlong ɗan Sin, duk suna zaune a gidan dangin mahaifiyar Chiaki. Ba mai neman wanda zai tsaya masa kafin a ba shi ɗaki, ba mai bin layin takarda da asuba. Yunlong ne kaɗai, da kewar gida da ƙirga kuɗin aljihu, na ji kamar na taɓa cin abinci tare da shi.

Akwai kuma wani abu da har yau nake juyawa. Fim ɗin ya ɗauka cewa kunne ba ya isa sai an rusuna wa takarda. Mu kuwa mun fito daga ƙasar da Mamman Shata ya yi shekaru yana waƙa ba takarda a gabansa, Ɗan Maraya Jos ya cika fage da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Da a wurinmu aka haifi Nodame, ba wanda zai ce mata jaririya. Sai dai kuma, a faɗi gaskiya, gida nawa ne a Maraɗi ko Katsina za a sa wa 'ya albarka ta tafi Turai koyon kiɗa?

Daga ƙarshe na kira Baba na gaya masa makin da na samu. Ya yi shiru, ya ce, "Saura wata nawa a sake?" Na ce biyar. Ya ce, "To, me kake yi a waya?" A watan Yuni na zauna jarrabawar gyara, na rubuta shafi huɗu, a ɗaya daga ciki na saɓa wa malamar, hannuna na rawa. Na samu 11. Maƙwabcina ya ce yanzu sai in kalli Beck, kashi 26, wai shi ya ma fi wannan jan ƙafa. Na ce masa ya bari sai sanyi ya dawo.