Tururuwar Masussukarmu

Ina yaro a wani ƙauye kusa da Maiyama, aikina da kaka shi ne tsaron gero a masussuka, abokiyar gabata kuwa tururuwa ce. Sai in ga sun ja layi daga rami har tsibin hatsi. In share layin da ƙafa, su rikice, kafin in sha ruwa in dawo sun kafa wani. Rannan na tambayi kakana wa ke ba su umurni. Ya ce, "Kai ɗan nema, tururuwa ba ta da sarki. Kowace sawun 'yar'uwarta take bi."

Ban san nauyin maganar ba sai da na shiga karatun kwamfuta a jami'ar Aliero. Aikin da na ɗauka shi ne: ga kwamfutoci barjat a warwatse, babu shugaba, yaya saƙo zai gane hanya mafi sauri? Ashe tun 1992 wani Ba'italiye, Marco Dorigo, ya kwaikwayi tururuwa wajen neman gajeruwar hanya, a 1998 kuma shi da Gianni Di Caro suka fito da AntNet domin tura saƙonni. Dabarar ita ce, tururuwa tana barin wani wari a inda ta bi. Gajeruwar hanya an fi saurin zuwa a dawo, sai warinta ya yi ƙarfi, saura su bi. Wanda ba a sabunta ba kuwa ya gushe.

To, wannan gushewar ce na raina. Na ce don me za a zubar da ilmin da aka tara? Na cire ta. Da na katse layi guda don gwaji, sai saƙonnina suka yi ta tururuwa zuwa matacciyar hanya. Kwana uku ban runtsa ba, ga ranar miƙa aiki ta ƙarato.

Ran Juma'a a tashar Jega na ji wani direban motar albasa yana tambayar hanya. Wani ya fara ba shi labarin makon jiya, ya katse shi: "Malam, wanda ya biyo ta yau nake nema." A daren nan na mayar da gushewar, saƙonni suka sake hanya da kansu.

Da hutu na kwashe duka na gaya wa kakana. Ya ce, "To, injin naka zai hana su ɗibar gero?" Na ce a'a. Ya miƙo mini tsintsiya.