LABARIN NAKI NA MENENE?

 Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, labarin wata kunya ce da na taɓa ji a tsakiyar kasuwa, wadda na shekara shida ina ɗora laifinta a kan wani bawan Allah.

A shekarar 2015 na buga littafina na farko. Sai da na sayar da sarƙata ta gwal da 'yan kunnenta, na haɗa da kwasar adashe, sannan kuɗin suka kai aka buga min kashi na ɗaya, kwafi 1000. Ranar da aka gama ko barci ban yi ba, ina ta shinshina ƙamshin takarda kamar sabuwar atamfa. Washegari ni da ƙanena muka loda su a adaidaita sahu sai Kasuwar Sabon Gari, shagon wani dattijo mai sayar da littattafan Hausa da aka yi min kwatance. Muka gaisa, na miƙa masa guda ɗaya da hannu biyu. Bai buɗe ba. Ya dubi bango, ya juya baya, ya ɗan auna nauyinsa a tafin hannu, sannan ya ɗago ya ce, "To Hajiya, labarin naki na menene?"

Na gyara mayafi na ce, "Baba, wato wata yarinya ce, asalin kakanta bafatake ne da ya taso daga wani ƙauye..." Ban kai ga haihuwar uban yarinyar ba wata mata ta shigo, ya sallame ta, ya dawo ya ce ina jin ki. Na ɗora. Wani yaro ya shigo neman littafin makaranta, ya sallame shi. Ina cikin bayanin yadda uwar yarinyar ta yi aurenta na biyu na lura idonsa yana kan titi. Daga ƙarshe ya ce, "Ajiye guda 50, in sun tafi ma neme ki." Bai neme ni ba. Sauran na kwaso su na tura ƙarƙashin gado, inda gara ta yi walima da kusan rabinsu, maigidana kuwa duk ranar da za a yi shara sai ya ce a ɗaga masa sarƙar gwal ɗin nan a share ƙarƙashinta. Wasa yake yi, amma ni har cikin raina nake jin abin.

Na saka a zuciyata cewa wulaƙanci dattijon nan ya yi min don ba ni da suna. Na ce da Anti Bilkisu Funtuwa ce ko Hajiya Balaraba Ramat suka aiko da littafi ai ba zai tsaya tambayar na menene ba.

Ana nan sai 2021, ƙanwata da ke karatun Turanci a jami'a ta zo min hutu. Wata rana bayan azahar ina tsince shinkafa ta zauna kusa da ni da wayarta ta ce, "Yaya zo ki ga 'yan uwanki marubuta na Amurka yau suna talla." Na ce tallan me? Ta ce tallan littafin da ba a buga ba.

Ita ta warware min yadda abin yake a can. Marubuciya ba ta sayar da sarƙarta. Kamfani ne yake buga littafi da kuɗinsa, har ya ba ta kafin alƙalami. Amma manyan kamfanonin galibi ba sa karɓar rubutu daga hannun marubuciya kai tsaye, sai ta hannun ejan, wato dillalin littafi, wanda yake ɗaukar kashi 15 cikin 100 na abin da aka biya ta, kuma ba ya cin ko sisi sai ciniki ya faɗa. To kowa neman dillali yake, wasiƙu sun yi musu yawa, wata sai ta yi watanni tana jira ba amsa. Shi ne wata marubuciya mai suna Brenda Drake ta kafa wata gasa a 2012 da ake kira Pitch Wars, da 'yar uwarta ta Twitter mai suna PitMad, wadda ita ce ƙanwata take nuna min.

A wancan lokacin PitMad ɗin nan sau huɗu ake yin ta a shekara, kowacce yini guda, daga 8 na safe zuwa 8 na dare agogon gabashin Amurka, wanda a nan ya kama daga bayan azahar har tsakar dare ta gota. Sharaɗi, sai kin gama littafinki tsaf kin gyara, kuma ba a taɓa buga shi ba. Sai ki faɗi abin da ya ƙunsa a saƙo ɗaya na Twitter, harafi 280, kafin ƙarshen 2017 ma 140 ne kacal. Sau uku aka yarda ki yi wa littafi ɗaya talla a ranar. Dillalai suna gefe suna dubawa, wanda tallanki ya yi masa sai ya danna alamar zuciya, ma'ana aiko min in gani. Abin da ya ba ni dariya, wai an hana ƙawaye danna zuciyar nan, don kada gaban baiwar Allah ya faɗi ta zaci dillali ne ashe aminiyarta ce ke taya ta. Ita kuwa Pitch Wars ta fi nauyi, marubutan da suka riga suka ci gaba ne kowanne zai zaɓi sabon hannu guda ɗaya, su yi watanni suna gyaran littafin tare, sannan a baje tallan da shafin farko gaban dillalai. Ta nan wata yarinya Bayarabiya haifaffiyar Amurka, Tomi Adeyemi, ta bi a 2016, littafinta Children of Blood and Bone ya fito a 2018 ya zaga duniya. Kuma ba shi ne na farko da ta rubuta ba, na farkon dillalai ƙin sa suka yi. Akwai ma wata da ake yi baki da baki mai suna Pitchapalooza, mutum 20 ake zaɓa, kowa minti ɗaya tak gaban alƙalai.

Na ture farantin shinkafa na ce haba, wannan ai cin fuska ne. Mutum ya shekara yana rubutu da fitilar waya bayan yara sun yi barci, a ce ya dunƙule shi layi biyu kamar mai tallan gyaɗa? Ƙanwata ta ce, "Yaya ke dai gwada da naki mana. Abu huɗu ake so. Wace ce? Me take so? Me ya tare mata hanya? Me za ta rasa in ba ta samu ba?" Na ce wannan ai kafin ruwa ya tafasa na gama.

Wallahi 'yan uwa kwana uku na yi. Ba shiga gasar zan yi ba, da Turanci ake yi, littafina da Hausa yake kuma an riga an buga, amma abin ya tsaya min a wuya. Na ɗauko littafin rubutu na yara, in rubuta in soke. Duk ta inda na ɗauko sai in ga kakan nan bafatake ya leƙo. Na cire shi, ba abin da ya ragu a labarin. Na cire auren uwar na biyu, shiru. Na cire shafi takwas da na ɓata wajen lissafa kayan lefe, akwati nawa, leshi nawa, da irin labulen falon Alhaji da launin motarsa, nan ma labari bai ko girgiza ba. Daren na uku na zauna a tsakar gida na gane abin da ban so in gane ba: ni kaina da na rubuta littafin ban san na menene ba. Labari uku na cusa a riga ɗaya, kuma na gasken, wanda ya sa ni kuka lokacin da nake rubuta shi, sai a kashi na biyu yake farawa, kashin da ban taɓa samun kuɗin bugawa ba. Ashe abin da na kai kasuwa share fage ne kawai, shi na sayar da sarƙata a kai.

Ba ni kaɗai ke da wannan ciwon ba, gado muka yi. Mun taso mun tarar ana raba littafi na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu, a yanke daidai inda ran mai karatu ya tashi a ce mu haɗu a littafi na gaba. Dabara ce ta kasuwa, kuɗin na ɗaya ke buga na biyu, ban zargi kowa ba. Amma ta koya mana jan labari kamar cingam, har ya zama in ba ki cika shafi ba gani kike ba ki yi rubutu ba.

Ga abin da na samu a ƙarshe, na rubuta shi a bayan takardar kuɗin wuta: "An yi mata saki uku an ƙwace mata ɗa. Don ta riƙa ganinsa, ta haɗa auren tsohon mijin da aminiyarta. Sai aminiyar ta kamu da son yaron, yaron kuma ya fara kiranta Umma." Na karanta wa ƙanwata, ta yi shiru, can ta ce, "To Yaya me ya sa ba ki faɗa wa mai shagon haka ba?"

Kada ku ɗauka na dawo ina yabon abin Turawan nan gaba ɗaya. Har gobe ina da ja a kansa. Gasa ce ta mai zaƙin baki, kuma zaƙin baki daban, iya rubutu daban. Akwai mace mai kunya da in kika ba ta biro za ta sa ki hawaye, amma ki ce ta yi talla sai ta daburce. Akwai kuma littafin da daɗinsa ba a ƙulli yake ba, a hira yake da barkwanci, ki gwada dunƙule Ruwan Bagaja layi biyu ki ga abin da zai rage, mutum ya tafi neman ruwa ya dawo. Shi ya sa nake ganin girman irin gasarmu. Ta 1933 da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar, littafi sukutum aka karanta. Haka wadda Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta shiga da So Aljannar Duniya, aka buga shi a 1980 a kamfanin NNPC na Zariya, na littafi ba na man fetur ba. Haka Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016, labarin ake karantawa daga farko har ƙarshe, ba a tambayar ki iya tsara baki.

Sannan zuciyar nan da dillali yake dannawa ba alƙawari ba ce. Aiko in gani kawai take nufi, da yawa sun aika an ce musu a'a. Har 'yan damfara sukan shiga su danna, ki aika, su ce sun yaba amma ki kawo kuɗin bugawa, shi ya sa masu shirya abin suke gargaɗin a binciki duk wanda ya danna kafin a tura masa komai. PitMad kyauta ake yin ta a lokacin. Ke 'yar uwa da ake turo miki sanarwar gasa a WhatsApp ana cewa ki tura kuɗin fom, ba sunan alƙali, ba a faɗi wanda zai buga ba, ki riƙe kuɗinki ki sai wa yara sabulu. Ni wani tsoron ma da nake da shi a nan gida, ki baje ƙullin labarinki a bainar jama'a, bayan wata biyu ki gan shi yana yawo da sunan wata, ki rasa wanda za ki kai wa ƙara. Su ma can abin bai ɗore ba, a farkon 2022 masu gudanarwa suka sanar sun rufe Pitch Wars da PitMad duka, ashe 'yan na ƙarshe-ƙarshe muka kalla ni da ƙanwata.

Na sake rubuta littafin daga tushe, na mai da shi guda ɗaya ba kashi-kashi, kakan nan ko sunansa bai fito ba. A 2023 na buga kwafi 300, don na yi hankali, kuma takarda ta yi tsada, yawancin masu karatu sun koma waya. Na koma shagon nan da niyyar in nemi gafarar dattijo ko a zuci ne, na tarar ya daina fitowa, ɗansa ne a kai, littattafan Hausa an matsar da su lungu, na makaranta sun cinye gaba. Ya karɓa, ya juya bango kamar yadda ubansa ya yi, ya ce, "Anti na menene?" Na faɗa masa da numfashi ɗaya. Wata mata da ke zaɓar littattafan rubutu ta juyo da sauri ta ce, "Innalillahi! To yaron ya koma wajen uwarsa?" Na ce, "Hajiya sai kin saya." Ta yi dariya ta rage littafin rubutu biyu ta ɗauki nawa. Shi kuma ya ce in ajiye guda 20. Sun ƙare tuni, kuɗin 12 ya ba ni, na 8 ɗin har yau in na kira sai ya ce in ƙara haƙuri kasuwa ba daɗi.