Ruwa Da Wuta A Adaka Ɗaya

Tun ana yara ake hana mutum taɓa wayar lantarki da jiƙaƙƙen hannu. Saboda haka duk wanda ya ji an ce wani ya ɗura ruwa cikin kwamfuta da gangan, zai ɗauka ko dai wauta ce ko taɓin hankali. To, akwai wani saurayi a birnin Kano da ya yi haka, bai kuwa tsaya nan ba, sai da ya sa wa abin mariƙi, yana yawo da shi unguwa-unguwa kamar mai tallar turare.

Sana'arsa ita ce tace hotunan bidiyo na bukukuwan aure da na suna, aikin da ke sa na'ura gumi fiye da yadda mai kallo zai zata. Abu biyu ne suka dame shi. Na farko, wuta ba ta zama a unguwarsu, tilas ya bi ta inda take: yau shagon abokinsa mai janareto, gobe gidan yayarsa da ke da hasken rana. Na biyu kuwa bazara. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, ita kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta an gina ta ne yadda in zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Sai aikin da ya kamata a gama kafin la'asar ya kai bayan isha, dangin amarya suna ta aiko yaro. Kwamfutar cinya mai ƙarfin da yake bukata ta fi ƙarfin aljihunsa, ga shi kuma ita ce ta fi saurin galabaita da zafi, don ba ta da sararin numfashi. Abin da yake so dai shi ne ƙarfin babbar kwamfuta, a jikin da hannu ɗaya zai ɗauka, wadda kuma ba ta jin tsoron rana. Masu iya magana kan ce ba a gudu ana susar takashi, amma shi ya ce sai ya gwada.

Ya kamata mai karatu ya san aikin ruwa a nan, domin mutane da yawa sun ɗauka ruwan sanyi yake kawowa. Ba haka ba ne. Ruwa ɗan dako ne kurum. Ana ɗora wani ɗan dunƙulen jan ƙarfe mai ƙananan hanyoyi a ciki bisa ƙwaƙwalwar, famfo ya turo ruwa ta cikinsa, ruwan ya kwashi zafi ya bi tiyo zuwa lagireto, fanka ta hure shi, ya sake komowa. Abin da ya sa aka zaɓe shi ga wannan dako shi ne ƙarfin wuyansa. Gwargwadon zafin da kofi ɗaya na ruwa zai ɗauka, sai an tara iska cike da irin wannan kofi fiye da 3,000 kafin ta ɗauke shi. In na'ura tana fid da zafi na wat 200, famfo kuma yana tura lita 1 a minti, ruwan ba zai ƙara ɗumi da ya wuce digiri 3 ba a kowane zagaye. Amma fa ɗan dako ba ya cinye kaya, sauke su yake yi, kuma a cikin iskar ɗakin yake saukewa. Don haka har abada ruwan ba zai fi ɗakin sanyi ba. A nan randa ta fi lagireto dabara, domin ita tsattsafo take yi, ruwan da ya tsattsafo ya bi iska ya tafi da zafi, na ciki ya fi ɗaki sanyi. Da wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba ya yi tukunyarsa mai tukunya a ciki don adana kayan lambu a ƙauyukan Jigawa, har aka ba shi kyautar Rolex a 2000. Sai dai ba mai son laima kusa da lantarki, kuma randa ba ta hawa adaidaita.

Ba shi ya fara ba. Tun cikin shekarun 1960 kamfanin IBM na Amurka yake sanyaya waɗansu manyan na'urorinsa da ruwa, amma waɗannan ɗaki guda ake ware musu, inda aka girka su nan suke tsufa. Kwamfutar ɗauka kuwa ita ma ta daɗe. Osborne 1 ta fito a 1981, nauyinta wajen kilo 11, fuskarta inci 5 kacal, kamanninta sai ka ce keken ɗinki a akwati. Haɗa biyun ne wahala, domin ruwa zama yake so, tafiya kuwa jijjiga ce.

Lagireton da aka yi musamman don kwamfuta sai an yi odarsa daga waje da tsada. Ya karanta cewa waɗanda suka fara wannan wasa a Turai da Amurka a ƙarshen shekarun 1990 da ɗan lagireton hitar mota suka yi amfani, da famfon tankin kifi. Sai ya nufi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota. Abin dariya ne in aka duba: motocin da aka ƙera don ƙasashen ƙanƙara suna shigowa da wannan ɗan lagireto a ɓoye bayan sitiyari, aikinsa ɗumama fasinja, ya shekara goma a Kano ba wanda ya neme shi. Wani dattijo mai gyaran lagireto ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya tambaye shi abu ɗaya.

"Yaro, wancan abin da za ka ɗora kan injin naka, wane ƙarfe ne?"

"Jan ƙarfe ne, Baba."

"To, ajiye wannan da ka ɗauko. Alminiyom ne. Ba su shan ruwa a ƙwarya ɗaya."

Ya shiga ƙuryar rumfa ya fito da wani tsoho, baƙi ƙirin, na jan ƙarfe da tagulla, wanda ya ninka na farko nauyi. Dattijon bai taɓa zama a ajin kimiyya ba, amma gaskiya ya faɗa. In jan ƙarfe da alminiyom suka haɗu a ruwa ɗaya, sai su zama tamkar batir, alminiyom ɗin ya riƙa zaizayewa a hankali har ya huje, dattinsa kuma ya toshe ƙananan hanyoyin nan. A littafi akwai sunan abin da lissafinsa. Shi kuwa a ruɓaɓɓun lagiretocin da suka bi ta hannunsa ya karanta shi. Ya wanke masa cikin, ya toshe bakin, ya hura iska ya tsoma shi a bahon ruwa yana duban kumfa, kamar yadda mai faci ke yi wa tayar keke, ya like huda biyu da dalma.

Sai akwati. Allon da ake jera kayan kwamfutar a kai ƙarami ya saya, irin da ake kira Mini-ITX, wanda kamfanin VIA na Taiwan ya fito da shi a 2001, tsawo da faɗi santimita 17. Da kwali ya fara yanka siffar kowane abu, yana jerawa yana rushewa har mako biyu, kafin ya je wurin kafinta. Kafintan ya ƙi abu guda, wato a ɗaura mariƙi a murfi. Ya ce adakar da za ta yi tafiya daga gindi ake ɗaukarta ko da hannu yana sama, saboda haka ya zagaya ta da ɗamarar ƙarfe biyu da suka bi ta ƙasa, mariƙin ya kama su. Katako yana da daɗin aiki, amma ba ya fid da zafi, ba ya kuma kwashe ɓatacciyar wuta yadda akwatin ƙarfe ke yi, don haka aka shimfiɗa fallen ƙarfe a ciki aka ɗaure allon a kai bisa ƙananan ƙafafu. Da aka shafa masa mai, sai ga shi kamar adakar lefen da.

A nan ne tafiya ta soma karɓar harajinta. Masu yin irin wannan don ado suna son miƙaƙƙen bututu mai ƙarfi da ruwa mai launi, abin ya yi ta ƙyalli ta bayan gilashi. Wannan kyan ɗan maciji ne ga mai yawo, rami ɗaya a titi ya isa ya zare bututun daga mazauninsa. Tiyo mai laushi ya sa, kowane baki ya ɗaure shi da kilif. Katin hoto, wanda ya fi komai nauyi da tsada, aka yi masa matashi da madogari don kada ya karya ramin da yake zaune. Babban abokin gaba kuwa ba a ganinsa, wato iska. In aka karkata akwatin, kumfar da ke saman tanki takan gangara cikin famfo, famfon da ya juya babu ruwa kuwa ba ya daɗewa, don ruwan ne man shafawarsa. Saboda haka tanki ya hau sama, famfo ya zauna ƙasa, aka cika tankin sai ɗan sararin da ruwa zai kumbura in ya ɗumama. Ruwan ma ba na rijiya ba ne, ba na leda ba. Tatacce ne, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ba, da ɗan maganin hana gansakuka.

Kuɗin kayan nan babur ɗinsa ne da ya sayar, da kwasar adashin mahaifiyarsa da ta ranta masa ba tare da ta fahimci abin da zai yi ba. Ɗigo ɗaya a kan allo yana aiki ya isa ya mai da duka toka. Ranar gwaji bai ba allon wuta ba sam. Famfo kaɗai ya haɗa da batir, ya naɗe kowace mahaɗa da farar takarda, ya bar shi yini da kwana. Tsakar dare uwar ta ga haske, ta leƙo ta iske shi zaune kan tabarma da tocila.

"Kai kuwa majinyaci kake jira?"

"Inna, kusan haka ne."

Da asuba takarda ɗaya ta nuna laima, a bakin da tiyo ya haɗu da tsohon lagireto. Ya sauya kilif, ya ƙara kwana guda. Da wannan ta wuce, sai ya rungumi akwatin ya girgiza, ya kwantar da shi ta kowane gefe, ya hau adaidaita da shi ya zaga ta titin da ya fi kowane ramuka, ya komo ya sake duba takardun. Sa'an nan ya kunna.

Ta yi aiki. A tsakiyar bazara ba ta rage gudu ba, ƙararta kuma ba ta wuce ta sauro ba. Amma wanda ya ce masa ya ci riba ta kowace fuska ya yi masa ƙarya. Ba ta da batir, in an ɗauke wuta ta mutu nan take. Allon kallo a wata jaka yake, hannu biyu duk a cike. Nauyinta ya sa kafaɗarsa ta dama ta san da zamanta. Da hunturu ya kama, zafi ya sauka, sai ƙura ta karɓi aiki, tana like haƙarƙarin lagireto kamar auduga. Ya yanko gidan sauro ya yi mata rariya, rariyar ta tare ƙura, ta kuma tare rabon iska, sai ya zama kowace Juma'a da safe yana cire ta ya wanke.

Akwai kuma abin da ke tsorata baƙo. Ruwan tankin yana raguwa kaɗan-kaɗan alhali ba inda ke yoyo, domin tiyo mai laushi yana barin tururi ya sulale ta jikinsa a hankali. Ya ja layi da jan fenti a jikin tankin. Duk inda ya sauke akwatin yakan bar shi ya huta ɗan lokaci don kumfa ta koma sama, ya duƙa ya dubi layin, kafin ya tambayi masu gida inda soket yake.