Damisa Ƙi Sabo: Abin da Na Gani a Kwarin Luwangwa

A gabashin ƙasar Zambiya, a gaɓar kogin Luwangwa, akwai gandun namun daji na Luwangwa ta Kudu, wanda aka kafa a 1972, mai faɗin murabba'in kilomita 9,050. Masu ɗaukar hoto daga sassan duniya suna tururuwa can, da yawansu don dabba guda: damisa. Na sauka a Mfuwe, ƙofar gandun, cikin watan Satumba, lokacin da rani ya ƙone ciyawa, namun daji suka tattaru a bakin ruwa.

Itatuwan wurin ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Ga kanya, ga tsamiya, ga rawuya da 'ya'yanta na reto. A kan rassansu damisa ke yin ƙailula, can kuma take haurawa da abin da ta kama, don kada zaki ko kura su ƙwace. Sai dai mutum yakan tsaya a gindin itacen da take kai, ya ƙura ido, bai gan ta ba. Hasken rana da ke ratsowa ta tsakanin ganye yana zuba ɗigo-ɗigo, daidai da zanen jikinta, har ka rasa ina reshe ya ƙare, ina dabba ta fara.

Jagoranmu ba jikinta yake nema ba. Jela yake dubawa, wadda ke saukowa daga reshe da 'yar lanƙwasa a ƙarshenta, ko ƙafa ɗaya da ta saki. Kafin ido ma, kunne yake bi: haushin gwaggon biri, tsakin barewa, kururuwar zabi. Duk dajin na tsegumin inda take, ga wanda ya iya ji.

Ganinta rabin aiki ne. Kyamara takan kama ganyen da ke gaba, ta bar fuskar a dushe, don haka sai ka saita gilashin da hannu. Hasken sama da ke bayanta yakan mayar da ita baƙar inuwa, sai ka ƙara wa hoton haske. Saura kuwa jira ne. Na yi fiye da awa biyu kafin wata ta ɗaga kai dab da almuru, ta yi hamma, ta gangaro da kai a gaba.

A wannan jiran ne ake gane mutane. Wata safiya na ga motoci sun yi wa itace guda zobe, kowa na matsawa don ya cika hotonsa. Damisar ta diro, ta shige ƙunci, ta bar namanta a rataye. Farautar dare guda ke nan aka raba ta da ita, wataƙila da 'ya'ya a ɓoye suna jira. Su kuma masu gaggawar suka tashi da hoton jela.

Kakanninmu da suka yi mata kirari da “ƙi sabo” sun san ta ido da ido. Yau sunan ya fi dabbar yawa a ƙasarmu. Inda ta saura, haƙƙinta a kanmu kaɗan ne: a kashe injin mota, a rage murya, a bar mata tazara. Wanda ya ba ta wannan, shi take bari ya ga fuskarta.