Bangon da Muka Ɗauko Daga Faifan Inna



Mu uku ne a Nahuce, cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu, muke rubuta labarai muna sakewa a WhatsApp da Wattpad. Kamar yadda da yawanmu suka saba, idan mun gama labari sai mu shiga intanet mu kwaso hoton wata jarumar fim ɗin Indiya, mu ɗora sunan littafi a kanta, shi ke nan an yi bango. Ba mu taɓa tambayar kanmu ko mai hoton ta yarda ba, balle mu tambayi abin da ya haɗa ta da labarin yarinya mai tallar fura a tashar Gusau.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Makonni muka yi babu kira, babu data. Ga labari mun gama, mun yi wa masu karatu alƙawarinsa, ga shi babu bango. Abin da ya rage mana shi ne kyamarar waya da manhajar PixelLab, wadda ke aiki ko babu intanet.

Wata safiya muna zaune a tsakar gida, idonmu ya sauka kan faifan da Inna ke rufe ƙwaryar fura da shi. Saƙarsa zobe ce a cikin zobe, ja da baƙi da kore. Muka fito da shi inda haske yake muna ta ɗaukar hoto. Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Ku 'ya'yan nan, mi kuka yi wa faifaina?" Muka ce, "Inna, littafi za mu yi masa." Ta yi dariya ta koma bakin aikinta.

Ga yadda muka yi, ko wani zai gwada. Mun buɗe sabon shafi mai faɗin fiksel 512 da tsawon 800, girman da Wattpad ke so. Daga hoton faifan muka yanko ɗan gutsure mai kusurwa huɗu, muka kwafe shi sau huɗu, muka juya kowanne ya fuskanci wani ɓangare, muka haɗa su baki da baki. Nan take wani zane ya fito wanda ba ya kama da faifai, ya fi kusa da aikin hula. Muka yi ta maimaita shi har ya cika shafin.

Murna ta kama mu, muka rubuta sunan littafin a kai, muka miƙa wa ƙanenmu ya karanta. Ya ƙura ido, ya kasa. Zanen ya cinye rubutun. Dole muka koma muka dusashe shi, muka shimfiɗa launin shuɗin baba a samansa, muka bar tsakiya fili. Sai sunan ya fito sarai, zanen ya koma baya yana yi masa rakiya.

Wannan gyaran ya sa muka sake buɗe labarin kansa. Shafi biyu muka tarar mun ɓata wajen siffanta falon Alhaji, kujeru da labule da turare, yarinyar da ake labarinta tana tsaye a bakin ƙofa ba ta ce uffan ba. Laifin da ke bangon shi ne a cikin rubutun. Muka rage shi zuwa layi huɗu.

Gusau ta riga mu samun sabis, don haka ɗayanmu ya shiga mota ya je can ya saki littafin. Tambayar farko da aka yi mana ita ce inda muka sauke bangon.

Tun daga nan ba mu sake ɗaukar fuskar kowa ba. Mun yi amfani da tabarmar kaba, da zanen ƙwarya, da aska takwas ta rigar Baba, da lallen hannun ƙanwarmu bayan mun nemi izininta. Wanda ya taɓa ganin adon bangon fadar Zazzau ya san ba yau muka fara wannan sana'a ba.

A wannan makon, kowa ya duba cikin gidansu ya ɗauki hoton abu ɗaya, ya haɗa bango da shi, ya ajiye mana a nan ƙasa mu gani. Allah Ya ƙara mana basira, Ya ba jiharmu zaman lafiya.